Wa Ya Ƙara Benen?

Nana Hafsat malamar firamare ce a Fagge, kuma tun tana ɗaliba take burin ganin sunanta a ƙarƙashin rubutun Turanci. Shi ya sa duk Asabar take hawa adaidaita zuwa Sabon Gari, wurin Malam Sylvester, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran rubutu a gidan jarida. A bayan shagon ɗinkin matarsa Comfort yake zama da ɗalibansa, cikin ƙarar keke da ƙaurin dutsen guga. Haifaffen Kano ne, Hausarsa ba gargada.

A daminar bara ƙanwarta Mero ta rasu. Ginin da ake yi a jikin gidansu ne ya rufto kan ɗakinta da hantsi, tana kwance da zazzaɓi. Mai ginin kuwa kawunsu ne, Alhaji Modu, yayan Innarsu, wanda shi ya ba su gidan da suke ciki tun rasuwar babansu. Magina sun gaya masa tushen ba zai ɗauki ƙarin bene ba, ya ce su ɗora. Kowa a layin ya san haka, amma a zaman makoki ba wanda ya ɗaga zancen.

Bayan an yi arba'in, Nana Hafsat ta rubuta labarin da Turanci ta kai wa malaminta. Ya gyara zaman tabarau, ya karanta har ƙarshe bai taɓa jan bironsa ba.

"'Yata," ya ce, "kin tara manyan kalmomi, amma na gama ban san abin da ya faru ba. Dubi nan: an yi gargaɗi, an ƙi ji, an ƙara bene. Wannan 'an' ɗin namu na Hausa kika kwaso kika sa wa rigar Turanci. Wa ya yi gargaɗin? Wa ya ƙi ji?"

"Ai mai karatu zai gane, Malam."

"Ba zai gane ba, shi ba ɗan layinku ba ne. Ki fara da wanda ya yi aikin, sai aikin ya biyo, sai ki ɗiga aya. Jimla ɗaya, magana ɗaya. Siffofin nan da kika jera wa ƙanwarki, ki zubar da su, ki gaya mini abin da ke hannunta da aka tono ta."

Ta sunkuyar da kai. "Kofin koko ne."

"To, rubuta haka."

Ta koma gida ta sake shi daga farko. Jimlolin suka gajarce, shafi uku suka koma ɗaya. A sakin layi na biyu ta rubuta cewa kawunta ne ya umarci magina su ƙara bene, kuma ta sa sunansa. Da Malam Sylvester ya karanta, waƙafi biyu kawai ya gyara, ya ce bai taɓa samun ɗalibar da ta kai haka ba. Da kansa ya tura shi wani shafin matasan marubuta na intanet.

Kafin Juma'a ta zagayo, wani ɗan Alhajin ya gani a waya, ya fassara wa babansa kalma da kalma. Babu inda za a ce ba haka take nufi ba. Alhaji bai zo ba, bai kuma yi faɗa ba. Direbansa ya aiko da saƙon cewa yana buƙatar gidansa kafin ƙarshen wata.

Inna na zaune a tsakar gida, kusa da ɓaraguzan da har yanzu ba a kwashe ba.

"Mero ta dawo?" ta tambaya a hankali. "Da kika rubuta, ta dawo? Na rasa 'ya, yanzu kin raba ni da ɗan'uwana."

"Inna, gaskiya na faɗa."

"Ni ban san gaskiyar ba? Ni da na wanke gawarta?"

Daga ranar Inna ba ta ƙara amsa gaisuwarta ba.

Da Asabar ta zo, Nana Hafsat ta je Sabon Gari hannu rabbana, ta ba su labari. Comfort ta tsayar da keken ɗinki, ta juyo ta dubi mijinta.

"Ka tambaye ta a gidan wa suke zaune kafin ka tura?"

Dattijon ya cire tabarau yana jujjuya shi. "Rubutun na duba," ya ce. "Bari in kira masu shafin su sauke shi."

"Bar shi, Malam," in ji Nana Hafsat. "An riga an karanta."

Ƙarshen wata suka kwashe kaya. Inna ta koma Kurna wurin wata ƙanwar babansu, ta shiga motar kayan ba ta waiwayo ba. Nana Hafsat ta kama ɗaki ɗaya kusa da tashar jirgin ƙasa, ita kaɗai. Wasu baƙi sun yi ta yaba rubutun a intanet na 'yan kwanaki, sannan suka koma kan wani abin. Da ruwa ya ɗauke, Alhaji Modu ya kawo sababbin magina, suka rushe abin da ya rage na gidan, suka haɗe filin da nasa.