Hoton Ƙirjin Alhaji Abdulbaƙi

Dakta Muhsina ta zare hoton daga jikin allon haske, ta juya shi, ta mayar da shi daidai. Ɗalibin da ya maƙala shi a baibai yana tsaye a gefe yana taunar cingam yana murmushi. Mikail ne, ɗan shekarar ƙarshe a karatun likita.

Ajin na waɗanda suka faɗi jarrabawar karanta hotunan asibiti ne. Ita da kanta ta ware musu safiyar Asabar don ta sake bi da su kafin su sake zama. Ta maimaita musu abin da ta sha faɗa: a fara da sunan mai hoton da ranar da aka ɗauka, a tabbatar ina ne dama ina ne hagu, sannan a bi huhu daga sama har ƙasa, ana gwada wannan gefe da wancan, kada ido ya tsallake ko'ina. Hoton da ke kan allon na wani direba ne da ya yi haɗari, huhunsa ɗaya ya motse kamar balan-balan da aka sace wa iska. Irinsa Mikail ya kalla a jarrabawa ya rubuta cewa lafiya ƙalau yake. Ta tambaye shi yau me ya gani. Ya matso, ya ɗan karkata kai, ya ja da baya.

"Ma, ai nan gaba kaɗan kwamfuta ce za ta riƙa karanta waɗannan abubuwan," in ji shi.

Wasu daga baya suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ita ba ta yi ba. Ta tuna yadda aka shigo da direban nan yana kokawa da numfashi, leɓɓansa sun yi baƙi, ta dubi yaron da ke tsaye cikin farar riga mai guga. Ta ce ya koma ya zauna, ta kira wata ɗaliba ta gaba, wadda ta nuna bakin huhun da ɗan yatsa daidai.

Tana tattara hotunan sai mahaifinta ya kira. Malam Ilu ba mai yawan kiran waya ba ne. Ya ce ta biyo ta gida bayan la'asar, yana da baƙo mai son ganinta. Bai faɗi sunan baƙon ba, ita ma ba ta tambaya ba, don ta san wanene.

Ta ajiye mota a bakin titi wajen Ƙofar Ruwa, ta shiga lungunan Zaitawa da ƙafa. An yi ruwa da safe, kwatoci sun cika sun tumbatsa, ledoji da ɓawon mangwaro suna yawo a kan baƙin ruwa. Ta tattare gefen abayarta tana tsallakawa. Tun kafin ta kai ƙofar gidansu ta jiyo turaren Alhaji Abdulbaƙi, mai nauyi, ya haɗu da warin kwatar ya zama wani abu na uku da ya fi kowannensu tayar da zuciya.

Alhaji Abdulbaƙi babban ɗan kasuwar fata ne da turare a kasuwar Kurmi, kuma abokin mahaifinta tun suna yara a makarantar allo. Shi ya yanka ragon sunanta, shi ya yi mata waliyyi ranar aurenta. Baba take ce masa. Mikail kuwa autansa ne, wanda duk unguwa ta fara kira Likita tun ranar da ya samu gurbin karatu.

Suna zaune a soro kan darduma, Mikail a rakuɓe a bakin ƙofa yana danna waya. A gefe an jingine manyan ledoji, tana hango atamfofi da kwalaben turare da wani tum-tum na fata. Ta durƙusa ta gaishe su. Da ta ɗago ta lura Alhaji ya faɗa sosai, babbar rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya fito.

Bai shiga maganar kai tsaye ba. Ya tambayi maigidanta da yara, ya tuna mata lokacin da take ƙarama tana zuwa rumfarsa ya ba ta alewa, ya yabi mahaifiyarta marigayiya har Malam Ilu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce ya ji ƙaninta ya samu ɗan tuntuɓe a wajenta. Ya ce ya yi magana da wasu manya a makarantar, duk sun ce masa abin a hannunta yake. Ba wai ta yi ƙarya yake so ba, Allah ya kiyaye, kawai idan an zo zama na biyu ta dube shi da idon gida. Yana magana yana tsayawa ya yi tari cikin hankici, ya naɗe ya mayar aljihu.

Muhsina ta ce cikin ladabi akwai sauran lokaci, idan Mikail ya zauna ya yi karatu zai ci, ita kuma a shirye take ta koya masa ko da yaushe. Alhaji ya yi dariya, ya dubi abokinsa, ya ce 'yar nan tasu ta zama Baturiya. Malam Ilu bai ɗago ba, yana ta jan carbi. Ganin mahaifinta haka, tsoho mai mutunci an zo an zaunar da shi a soronsa ya zama tsani, shi ya fi ƙona mata rai.

Tarin ya sake sarƙe Alhaji, wannan karon ya daɗe. Da ya lafa, ya ce tunda ga shi ga ta, bari ta duba masa wani hoto da aka yi masa kwanakin baya saboda tarin nan, don dai a cika ƙa'ida, tunda Likita ya riga ya duba ya ce mura ce ta sauka a ƙirji. Tun lokacin maganin tari yake sha. Ya zaro wata babbar ambulan mai ruwan ƙasa daga ƙarƙashin darduma ya miƙa mata.

Ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga hoton saitin hasken yamma. Ta karanta suna, ta karanta rana: tun kafin azumi aka ɗauka. Idonta ya hau sama ya tsaya. A can saman huhun dama, bayan ƙashin da ya gitta ƙasan wuya, akwai wani farin dunƙule mai bakin da ba shi da tsari, kuma haƙarƙarin da ke kusa da shi ya fara cinyewa. Ba abu ne ɓoyayye ba. Ɗalibar nan ta ajin safe ma da ta gani.

Ta kira Mikail ta ce ya zo ya sake dubawa. Ya taso da wayar a hannu, ya leƙa, ya ce shi dai bai ga komai ba. Ta ce ya gwada saman dama da saman hagu. Ya gwada. Ta ga lokacin da ya gani, don taunar cingam ɗin ta tsaya. Ta jira ta ji abin da zai fara fita daga bakinsa.

"Injin wurin da aka ɗauka ne ba shi da kyau," ya faɗa a hankali. "Dama an ce haka suke yi."

Ta sauke hoton. Ba ta iya sake kallon fuskarsa ba. Ta koma ta durƙusa gaban Alhaji, ta zaɓi kalmominta. Ta ce akwai wani abu a saman huhun da bai kamata a ce yana nan ba, ba za ta iya ba shi suna ba sai an yi wani hoton mai zurfi an kuma ɗebi ɗan yanki an gwada, amma ba abin da za a bari ya ƙara kwana ba ne. Ta ce ya zo asibiti ranar Litinin da safe.

Daga cikin gida ana jiyo ƙarar daka. Alhaji mutum ne da ya shekara yana karanta fuskar masu ciniki, bai buƙaci ta ƙara komai ba. Ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juyo gare ta.

"Ke za ki duba da kanki?"

"Ni ce, Baba. Da wani babbanmu."

"To. Kada a haɗa ni da yara masu koyo."

Ta ce ba za a haɗa shi ba. Malam Ilu ya yi salati a hankali, ya dafa gwiwar abokinsa, ya yi masa addu'a mai tsawo, suka shafa. Muhsina ta ji tausayin tsohon ya kama ta, har ta fara tunanin wa za ta kira yau ɗin nan don a samu layi da wuri. Ta ɗauka maganar da ta kawo shi ta mutu a nan.

Alhaji ya gyara zama, ya share bakinsa. Ya ce to, yanzu ai ta ga dalili da idonta. Ba wanda ya san kwanan da ya rage masa, kuma ba abin da yake roƙon Allah kamar ya ga yaron nan da takardarsa a hannu kafin ya tafi. Ya ce kada ta damu da abin da zai biyo baya, ya riga ya yi masa hanya a wani babban asibiti na wata ƙaramar hukuma can nesa, ba a nan birni zai zauna ba.

"Mutanen karkara ne," in ji shi. "Zazzaɓi ne da ciwon ciki. Ba sa buƙatar dogon bincike."

Ya faɗa ne cikin natsuwa, kamar mai kwantar mata da hankali. Ta dube shi, mutumin da ya yanka ragon sunanta, da dunƙulen nan a ƙirjinsa da ya samu watanni yana girma saboda ɗansa ya ce mura ce. Ƙanshin turaren ya cika mata hanci. Mahaifinta ya ɗago a karon farko yana kallonta, ba ta gane ko roƙonta yake ko tsoron abin da za ta ce ba.

"Baba, ranar Litinin ina jiranku," ta ce. "Mikail kuma ina jiransa a aji ranar Asabar, kamar kowa."

Alhaji ya dafa darduma. Ya yunƙura, Malam Ilu ya kama masa hannu ya miƙe. Bai yi maganar ledojin ba, ita ma ba ta kalle su ba. Ya zura takalmansa a bakin ƙofa yana haki kaɗan-kaɗan. Muhsina ta mayar da hoton cikin ambulan ta miƙa, Mikail ya kai hannu zai karɓa ya riƙe wa mahaifinsa.

Alhaji ya riga shi. Ya karɓi ambulan ɗin, ya soke ta a hammatarsa ƙarƙashin babbar riga, ya tsallake kwatar a hankali ya shiga lungu, ɗan nasa yana biye da shi hannu ba komai.