Zugazugin Yaya

Yaya ya mayar da injin numfashinsa zugazugi, daga nan komai ya lalace.

Ƙaninsa, mai walda a rumfar da ke jikin maƙerar Yaya, shi ya gani da hantsi. Mesar da ya kamata ta kwana a hancin Yaya ga ta cushe a gindin murhu, ta yi baƙi ƙirin, garwashi sai ja yake. Wutar lantarkin ma daga rumfar ƙanin aka jawo.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Aiki na samar masa. Wata uku yana zaman banza a ƙarƙashin gado."

Ƙanin ne ya ja mutumin nan asibiti, bayan matar Yaya ta kawo ƙara: munshari kamar tsohuwar mota a hawa, can sai numfashi ya ɗauke ɗif, sai ta jijjiga shi. Likita ta ce iskar da yake rasawa cikin barci tana iya lalata jijiyoyin ƙafa, shi ya sa yake jin tafinsa kamar ya taka auduga. Ta ba shi injin, ta ce in ya riƙe shi, da alama abin zai tsaya.

Kwana biyu ya sa. Ya ce shi ba jaki ba ne da za a ɗaura wa takunkumi, ya tashi fuska duk yawu.

"To, ƙafar fa?"

"Ta ma daina zogi. Ka ga ta warke."

"Mutuwa take yi, Yaya!"

"Sannu, babban likita. Koma kan waldarka."

Ya koma, yana tsaki.

Da rana ta yi tsaka ya ji gudumar ta yi shiru. Bai damu ba, Yaya ya saba gyangyaɗi a zaune tunda barcin dare ba ya ƙosar da shi. Sai wari ya shigo. Roba, da wani abu mai maiƙo a ƙarƙashinta. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya leƙa.

Yaya na jingine da bango, baki buɗe, yawu na bin gemu. Injin bai san gajiya ba, yana ta hurawa. Garwashi ya tumbatso, ya gangaro kan ƙafarsa ta dama. Silifa ta narke ta shige nama, fata na tsiyaya, har ƙudaje sun fara kewaye. Shi kuwa munshari yake ja.

Ƙanin ya fizge shi, ya sheƙa masa bokitin ruwa, ya juya ya yi amai a bakin ƙofa.

Yaya ya buɗe ido. "Kai, wa ke gasa nama?"

Yatsu uku likita ta cire, da gefen tafin. Da 'yan dubiya suka tambaye shi jiki, ya ce shi fa bai ji komai ba. Gaskiya ya faɗa.