Yaya Bai Ce Komai Ba

Ni ce alƙaliyar wasa a shagon kati na bayan tashar mota, kuma kowa ya san ba na ɗaga ƙafa. A wasanmu akwai katunan da ba sa aiki sai wani abu ya faru a kan tebur. Ƙa'idarsu ɗaya ce: abin na faruwa ka buɗe baki ka faɗa. In ka yi shiru har aka shiga mataki na gaba, damarka ta wuce, ko kai ɗan wane ne.

Ranar Asabar yayana ya kai wasan ƙarshe na gasar shagon, shi da Tela, wani mutum mai sanyin hali da ke ɗinki a saman benenmu. Yaya na da katin Mai Gadi a gabansa, wanda ke korar duk sabon katin mayaƙi da abokin karawa ya sauke. Tela ya sauke babban mayaƙinsa, ya dakata yana kallon Yaya, yadda ake yi don a ba mutum damar martani. Gogan naka kuwa hankalinsa na kan katunan hannunsa, yana ta jera su yana murmushi, a ransa ya gama cin kofi.

Tela ya ce, "To, na kai hari."

Sai a lokacin Yaya ya zabura. "Ina! Ai na kore shi. Tun ɗazu na faɗa."

Ina tsaye a bayan kujerarsa, har ƙamshin turarensa nake ji. Wallahi ko tari bai yi ba. Mutanen da suka kewaye teburin duk sun san haka, shi ya sa suka zuba mini ido gaba ɗaya.

Ya waiwayo. "Ƙanwata, ke ai kin ji ni, ko?"

Kunya ta lulluɓe ni. Babban mutum mai mata da 'ya'ya, yana roƙona da ido in tare masa ƙarya a bainar jama'a.

Na ce, "Yaya, ban ji ba. Dama ta wuce."

"Ƙarar fankar nan ce ta hana ki ji."

Wani a baya ya ce ai fankar tun safe a kashe take. Aka yi ta ƙunshe dariya.

Tela ya sa yatsa ya ɗan ja katinsa baya a hankali. "Bar shi, alƙaliya. A ɗauka ya faɗa."

Ƙa'ida ta yarda abokin karawa ya yafe irin wannan, don haka ba ni da ta cewa. Na dai tsaya ina addu'a a raina Yaya ya ce a'a, ya ce shi ya yi sakaci, a ci gaba. Ko da ya faɗi wasan, da na bi shi gida ina alfahari.

Ai ko numfashi bai ja ba. Ya ture mayaƙin Tela gefe, ya gyara zama, ya cinye wasan. Mai shago kaɗai ya tafa, shi ma sama-sama.

Da aka miƙa masa kofin, ya ɗaga shi yana washe baki. "Zo nan ki tsaya kusa da ni, a tura wa Mama hoto."

Na matsa ina kallon ƙasa. Ya duba ya rasa wanda zai ba wayarsa, don kowa ya kama tattara katunansa. Tela ne ya miƙo hannu ya karɓa. Ya ja da baya, ya saita mu, sannan ya ce a hankali, "Alƙaliya, ɗago kanki mana."