Fambel ɗin Baba Mai Agogo

"Wannan ba tsinkewa ya yi ba. Yanka shi aka yi."

Baba Mai Agogo ne ya faɗa, yana tsaye a bakin 'yar katangar da ta raba tsakar gidansu da tamu. Ya ɗago wani baƙin bel na roba na injin motarsa kamar wanda ya kashe maciji yana nuna wa jama'a. Ina zaune a kan keken ɗinkina a baranda, maigidana kuma yana ɗaure takalmi zai fita aiki.

"Fambel ai yakan tsinke, Baba," in ji maigidana. "Balle na motar da ta girme ni."

"Ta girme ka, ta kuma fi ka hankali."

Baba ya laluba aljihu ya zaro gilashin nan na ido ɗaya da ya yi shekaru yana leƙa cikin agogo da shi, kafin hannunsa ya fara rawa ya rufe shago. Ya maƙala shi a ido, ya kai bakin bel ɗin kusa.

"Ba wuƙa ba ce. Wuƙa gefe ɗaya take ci. Wannan sama da ƙasa aka ci shi. Abu ne mai baki biyu."

Ya cire gilashin. Bai dubi maigidana ba. Teburina ya duba, inda babban almakashina na yankan yadi yake kwance, sannan ya ɗago ido a hankali ya ɗora a kan maigidana.

Dama ba su daɗe da yin cacar baki ba. Maigidana direban motar kaya ne, kuma duk sanda ya dawo da ita gida sai ya tarar Baba ya fito da tasa motar ya tsare rabin hanya yana wanke ta. Ranar da abin ya ishe shi, a gaban mutane ya ce wata rana sai an wayi gari wannan akwalar ba ta motsi. Duk layin sun ji.

"In ni kake nufi, Baba, ka faɗa kawai."

"Na kira sunan wani?"

Maigidana ya fita ya bugo ƙofa. Ni kuwa na ja wani ƙyalle na rufe almakashin, domin na san abin da su biyun ba su sani ba. Jiya da hantsi, lokacin da Baba ya tafi aski, matarsa da muke kira Inna ta leƙo ta ari almakashin, ta ce labule za ta rage wa tsawo. Da ta dawo da shi, bakinsa da baƙi-baƙi, yana warin tsohon mai. Na sa shi a yadin wata amarya, sai ya kama tauna shi maimakon yanka.

Da Baba ya fita neman sabon bel, na zagaya gidansu. Na sami Inna a kicin tana wanke tukunyar da ba ta da datti.

"Inna, ina labulen da kika rage? Ki kawo in kalmashe miki bakinsa."

"Na fasa," in ji ta, ba ta juyo ba.

Na tsaya. Ta ci gaba da dirzar tukunyar. Can ta ce, kamar da tukunyar take magana, "Likita ya ce kada ya ƙara riƙe sitiyari. Ina cikin motar ranar da idonsa ya rufe, muka hau kan dakali. Ya ce rami ya kauce wa. Yanzu auta ta haihu, ya rantse shi zai tuƙa mu gobe, tafiyar wuni guda. Na ɓoye makulli, ashe yana da wani a cikin safa. Na ce mu shiga motar haya, ya ce ba zai je ganin jikansa a takure kamar buhu ba."

"To ai mijina yake zargi."

"Na ji." Ta ajiye soson. "Ki yi min haƙuri zuwa jibi, 'yata. In ranar ta wuce, zai huce."

Ba ta ce ita ce ba, ni ma ban sa ta faɗa ba. Dukanmu mun ɗauka zai kira bakanike, bakaniken kuma ya ja masa rai yadda ya saba.

Bayan azahar sai ga Baba ya dawo da sabon fambel a cikin kwali. Shago uku ya shiga, in ji shi, kowanne yana so ya kakaba masa jabu. Sai da ya gwada tsawonsa da tsohon, ya ƙirga layukan cikinsa da farce, kafin ya karɓa.

"Malam, ka bari bakanike ya zo," in ji Inna daga bakin ƙofa.

"Wane bakanike? Abokin shan shayin wancan?" Ya nuna gidanmu da haɓa. "Babu wanda zai ƙara sa hannu a motar nan sai ni."

Ya cire babbar rigarsa ya rataye a ƙofar mota, ya buɗe bonet ya tokare, ya shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba. Ya fara kwance kan batir ya ajiye gefe. Ina jin sa daga baranda yana magana da injin ƙasa-ƙasa. Rana ta take, inuwar bishiyar gidansu ba ta kai wurin ba tukuna.

Can ya kira ni. "Tela, zo nan. Idon da ke zura zare a allura zai iya karanta wannan."

Na yi mamaki da ya kira ni bayan abin da ya faru da safe. Na yi tunanin so yake ya sa ni a gaba ya ga ko zan ruɗe. Na dai je. A cikin murfin bonet akwai wata 'yar takarda manne, ta koɗe, da zanen hanyar da bel ɗin ke bi: ya hau wannan ƙafar ƙarfe, ya zagaya ƙarƙashin waccan, ya koma baya, kamar zaren keken ɗinki.

"Daga babbar ta ƙasa zai fara," na ce, "ya hau ta hagu, sannan ya bi bayan wannan mai santsin."

"Gefen da ke da layuka yana kwanciya a kan mai layuka, bayansa kuma a kan mai santsi. Kin gane? In aka juya, kafin mu kai bakin titi ya tashi daga aiki. Shi kaɗai yake juya komai, ruwan da ke sanyaya inji, cajin batir, har laushin sitiyari. Wanda ya zaɓe shi ya san inda zai kama ni."

Ya faɗi haka yana kallon gefen fuskata. Na tsura wa zanen ido.

Sau biyu muna ɓata hanya. Ya zura hannu har kafaɗa cikin injin, ya fito da gwiwar hannu a kuje, gumi yana ɗiga daga gemunsa a kan ƙarfe. Inna ta kawo ruwa a kofi, ya ce ta ajiye. Ta tsaya tana murza bakin gyalenta, ya ce ta koma ciki, tana tsare masa haske.

Daga ƙarshe saura ƙafa ɗaya. Ya nuna min wata ƙarama mai ƙarfin tsiya, wadda ke matse bel ɗin kada ya yi sako-sako. Sai an danne ta da dogon sifana kafin bel ya samu sararin hawa. Ya zura guntun bututun ƙarfe a ƙotar sifanan don ya ƙara tsawo.

"Zan danne. Ke ki tura shi ya hau. Kada ki sa yatsa a ƙarƙashi, in ya kuɓuce min kin gama ɗinki."

"Baba, mu jira maigidana ya dawo. Wannan aikin ƙarfi ne."

"Shi ya kwance, shi zai ɗaura? Tura."

Ya kwanta a kan ƙarfen da ƙirjinsa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Na tura, bel ɗin ya zame. Na sake turawa, ya hau rabi ya dawo. Sabo ne, ga tauri. Ina jin numfashinsa a kunnena yana fita da wani ƙaramin fito.

"Saki ka huta, Baba."

"Tura, na ce."

A na gaba ya faɗa gurbinsa. Baba ya sassauta sifanan a hankali, ya dafa motar da hannu biyu, ya daɗe a haka. Leɓɓansa sun yi fari kamar ya lashi toka. Duk da haka sai da ya bi kowace ƙafa da yatsa ya tabbatar layukan sun zauna daidai, ya mayar da kan batir, sannan ya shiga ya murza makulli. Motar ta tashi. Bel ɗin ya kama gudu shiru, babu ko ƙara.

Ya kashe ta, ya zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe, ƙafafunsa a waje. Ya sha ruwan da Inna ta ajiye, wanda ya riga ya yi ɗumi. Ya leƙa ya ga ba ta kusa.

"Almakashinki ya dakushe ko?"

"Ya ɗan dakushe."

"Ki kawo in wasa miki." Ya ɗauko tsohon bel ɗin daga kujerar gefe, ya shafa bakin yankan da babban yatsa. "A shago na sake dubawa da kyau. An kama an saki, an kama an saki, ya fi a ƙirga. Hannu ne mara ƙarfi. Mijinki da cizo ɗaya zai raba shi."

Na dubi bel ɗin da ke hannunsa.

"Shekara nawa Innarku tana miƙo min sifana. Ni na koya mata buɗe bonet." Ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Tsoro take ji. Kada ki ce mata na gane, kunya za ta hana ta cin abinci."

"To me ya sa ka wahalar da kanka, Baba?"

"Mota tawa ce, a kwance zan bar ta?" Ya jingina kai da kujera. "In wancan mai bakin ya dawo, ki tambaye shi ko yana da hutu gobe. Ban ce na ba shi haƙuri ba. Tambaya kawai."

Na koma kan kekena. Ina hango ƙafafunsa ta saman katanga, silifas ɗaya ya zame. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, domin inuwa ta iso kan motar, iska tana ɗan kaɗawa. Na gama hannun riga guda, na fara na biyu. Sai na ji Inna tana cewa, "Malam, tashi ka shiga ciki." Ta sake faɗa. Na ukun ba da muryarta ta faɗa ba.

Maigidana yana shigowa layin kenan. Shi ya ɗauki Baba ya sa a kujerar baya, shi ya tuƙa motar zuwa asibiti, Inna tana riƙe da kan Baba a cinyarta. Ba su daɗe ba suka dawo. Likita ya ce zuciya ce, kuma tun kafin a taso ta tsaya.

Gidan ya cika da mutane. Ina raba ruwa ina jin ƙus-ƙus yana bin bayana. Wasu na cewa an yanke masa wani abu a mota, baƙin ciki ya kashe shi. Wata ta ce ai kowa ya ji abin da direban nan ya faɗa. Babban ɗansu da ya iso ya tsare ni a baranda.

"An ce ke kika taya shi. Ba ki ga halin da yake ciki ba? Kuma wa ya yanka?"

"Na ce ya bari, ya ƙi."

"Wa ya yanka, na ce."

Na dubi ƙofar ɗakin da Inna take zaune a tsakiyar mata. "Ban ga lokacin da aka yanka ba," na ce. Ya daɗe yana kallona, sannan ya wuce. Har ya koma bai ƙara gaishe da maigidana ba.

A gida maigidana ya tambaye ni sau ɗaya. Na gaya masa gaskiya, har da saƙon Baba. Ya dubi tafin hannunsa. "Su yi ta faɗa," in ji shi. "Tsohuwar ba za ta iya ɗaukar wannan a bainar jama'a ba."

Sai da mutane suka watse Inna ta zo barandata. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta rame, idonta a bushe.

"Da na bar shi, da ƙila yanzu yana can yana wasa da jikansa."

"Ko kuma da ku biyun ne a gefen hanya, Inna. Ba mu sani ba."

"Ya tafi yana zargin bawan Allah saboda ni."

Na tuna ya ce kada in faɗa. Na dubi yadda wuyanta ya fito daga riga.

"Bai tafi da zargin kowa ba. Ya gane."

Ta ɗago.

"Ya ce tsoro kike ji. Ya ce shi ya koya miki buɗe bonet. Yana faɗa yana dariya."

Ta ja gyale ta rufe fuska. Kafaɗunta suka yi ta motsi, babu sauti. Da ta sauke gyalen, cewa ta yi, "Ya sani, ya bar ni ina ta kai da kawowa da kofin ruwa. Haka yake tun muna yara."

Ranar da maigidana ya samu hutu, ya sa jakar Inna a but ɗin motar Baba zai kai ta wurin auta, ya buɗe mata gaba, ta ce baya za ta zauna. An yi ruwa da safe, layin duk ya jiƙe. Na tsaya a bakin katanga har suka sha kwana. Inda motar ta saba tsayawa ya rage a bushe, fili mai kusurwa huɗu a tsakiyar jiƙaƙƙiyar ƙasa, wasu tsuntsaye biyu suka sauka a ciki suna birgima.