Ɗigon Da Ya Kauce Wa Hadari

Kwana goma sha ɗaya jirgin yaƙin Ravenspur ya yi yana kai da komo a tekun yammacin Sikotland, yana jiran sama ta washe a yi gwajin harbi. Ranar Alhamis da hantsi aka samu yadda ake so. Iska ta faɗi, gajimare ya yi sama, sai ɗan hadari da ya rage can gabas wajen tsibirai.

Catriona Laidlaw na zaune a kujerarta a ɗakin sarrafa yaƙi, can cikin cikin jirgin inda babu taga ko ɗaya. Shekararta takwas a rundunar ruwa, biyar daga ciki a gaban wannan allo. Aikinta ta ga duk abin da ke tashi a sama, ta ba shi suna: wannan jirgin fasinja ne, wannan namu ne, wannan ba a san shi ba. Radar da ke juyawa a ƙololuwar jirgin tana hango abin da bai wuce girman lemo ba tun yana nesa, tana kuma bin ɗaruruwan abubuwa a lokaci guda. A gaban jirgin, ƙarƙashin murafen ƙarfe arba'in da takwas, makamai masu linzami na tsaye cikin ramukansu. Kowanne idan ya fita ya ninka gudun sauti, kuma ba a kiransa ya dawo.

Tsarin ranar ba shi da wuya. Masu kula da filin gwaji a tsibiri za su sako jirage biyu marasa matuƙi. Na farko mai gudu ne, zai zo yana shafar ruwa. Na biyu zai biyo baya a hankali, irin ƙananan nan da ake kai wa jiragen ruwan 'yan kasuwa hari da su. An rufe yankin, an sanar da masunta da matuƙan jirage tun mako guda.

Cif Munro, dattijon da ke kula da makaman, ya leƙo ta bayan kujerarta yana gyara farin mayafin kariyar wuta da kowa ya rufe kansa da shi.

"Laidlaw, yau fa ki buɗe idon nan. Shekara biyu ina goge yaran nan ina shafa musu mai, ko ɗaya bai taɓa fita ya sha iska ba."

"Cif, in ka matsa daga kaina zan fi gani. Warin albasar da ka ci da safe ya ishe ni."

"Ji 'yar rainin hankali."

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na farko ya bayyana, ɗan ɗigo a kan allo. Catriona ta kira lambarsa, na'ura ta kama shi, Laftanar Kwamanda Pryce, hafsan da ke jagorantar harbin, ya dubi Kyaftin Ashworth, ita kuma ta gyaɗa kai. Makami ya fita, jirgin ya yi wata girgiza kamar an buga ƙatuwar ƙofa a ƙasa. Kafin a ƙirga goma sha biyar ɗigon ya ɓace daga allo. Ɗakin ya ɗauki sowa, Cif har da dukan tebur.

"Shiru!" in ji Pryce. "Saura ɗaya."

Mutanen tsibiri suka ce sun saki na biyu. Bayan minti huɗu sai ga ɗigo daga gabas, ta inda ake jiransa, da gudun da ake jira. Na'ura ta aika masa tambayar da take yi wa kowane jirgi, bai amsa ba, kuma dama ba a sa ran abin harbi ya amsa. Ta sa masa jan launi.

Catriona ta buɗe baki za ta kira lambar, sai ta tsaya. Ɗigon ya ɗan karkata kudu. Ta jawo hoton yanayi ta ɗora a kan allon. Guntun hadarin nan na gabas yana daidai gabansa, shi kuma yana zagaye shi ta gefe, ya ɗan hau, ya ɗan sauka, ya sake gyarawa.

"Makami a shirye," in ji Cif.

"Laidlaw, lamba," in ji Pryce.

Ta san abin da ke jiranta idan ta yi kuskure: gwajin da aka yi wata shida ana shiryawa ya lalace a hannunta, ga manyan baƙi uku daga hedikwata na tsaye a bayan Kyaftin. Amma ta danna maɓallin magana.

"A dakata! A dakata da harbi!"

Pryce ya ɗauke hannunsa daga inda yake, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"An dakata. Faɗi, Laidlaw."

"Yallaɓai, wannan yana gudun ruwan sama. Abin harbi ba ya tsoron jiƙewa, layin da aka zana masa yake bi. Wannan akwai hannun mutum a kansa."

"Tsibiri sun ce sun sake shi."

"Na ji, yallaɓai. Ban ce ba su saki nasu ba. Na ce wannan ba shi ba ne."

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi gyaran murya ya dubi agogonsa. Kyaftin Ashworth ba ta ko waiwaye shi ba. Ta taso ta tsaya a bayan Catriona, ta dubi allon na ɗan lokaci.

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, ranki ya daɗe. Shi ya sa na ce a dakata."

"To. Cif, kulle makamin. Pryce, ka ce wa tsibiri su gaya mana daidai inda nasu yake, ba inda suke zato ba. A tashi helikwafta."

Minti bakwai aka yi kafin helikwaftan ya isa. Catriona ba ta taɓa sanin minti bakwai na da tsawo haka ba. Gumi na bin bayanta, ga mayafin ya manne mata a wuya. Ɗigon na ta matsowa, yana tangaɗi. Can rediyo ya yi ƙara, muryar matuƙin helikwafta ta fito.

"Ravenspur, na gan shi. Ƙaramin jirgi ne mai farfela ɗaya, fari da shuɗi. Mutum biyu a ciki. Tsoho ne ke tuƙi, da wata mata a gefensa. Tana ɗaga mini hannu. Akwai kuma kare a kujerar baya."

Babu wanda ya yi sowa wannan karon. Wani ya saki dogon numfashi, wani ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Pryce ya cire abin sauraronsa ya riƙe kai da hannu biyu. Cif Munro ya ce a hankali, "Allah mun gode maka."

Sai a lokacin tsibiri suka kira. Nasu ya faɗa ruwa minti ɗaya da tashi, a bayan wani tsauni inda na'urarsu ba ta gani sosai, kuma da wannan ɗigon ya fito ta wajen, su ma sun ɗauka nasu ne.

Helikwaftan ya shiga gaban ƙaramin jirgin ya ja shi har filin saukar tsibiri. Da rana labarin ya iso. Tsohon, Hector Gillies, yana kai wata likitar dabbobi ne wani tsibiri inda cuta ta shiga tumaki. Wutar jirginsa ta ɗauke a hanya, rediyo ya mutu, na'urar da ke faɗin sunansa ta mutu, yana ta kauce wa hadari har ya ɓace hanya bai sani ba. Da aka gaya masa inda ya shiga da abin da ke kallonsa, an ce sai da aka kawo masa kujera ya zauna a tsakar fili.

Catriona ba ta ji wannan da wuri ba. Da aka sallame su ta hau sama ta tsaya a bayan jirgin, inda iska ke kaɗawa. Ta riƙe ƙarfen gefe tana kallon farin kumfan da jirgin ke bari, tana ta ganin matar nan da ba ta taɓa gani ba tana ɗaga hannu.

Pryce ne ya same ta a wurin, ɗauke da kofi biyu na shayi. Ya miƙa mata ɗaya, rabinsa ya zube a hanya.

"Ni ma har yanzu abin bai bar raina ba," in ji shi. "Saura ƙiris, Laidlaw. Na riga na ja numfashin da zan ba da umarni."

"Amma ka ɗauke hannu, yallaɓai."

"Don kin yi ihu kamar an taka ki." Ya kurɓi shayin. "Za a yi bincike. Za su tambaye ki sau ɗari me kika gani."

"Zan gaya musu sau ɗari."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, dariyar ta zo mata da hawaye, ta share da bayan hannu ba ta ɓoye ba.

Lasifika ta sanar cewa an ɗage gwaji na biyu sai wani watan, kuma jirgin zai juya gida, tashar Portsmouth, da yamma, kwana biyu kafin lokacin da aka sa. Daga ƙasa suka jiyo matasan jirgin suna ihun murna. Mai dafa abinci ya leƙo ta ƙofa ya ce kifi da dankali na hucewa, kuma ba zai sake ɗumama wa kowa ba, ko hafsa ne. Sai a lokacin Catriona ta ji yunwa ta kama ta. Ta shanye sauran shayin, ta bi Pryce suka sauka.