Jan Biro a Fayil ɗin Tungan Kure

A hukumarmu ta tsara tashoshin jiragen ruwa, nan Abuja, ba a karanta abin da ka rubuta sai an duba launin tawadarka. Mu ƙananan ma'aikata shuɗin biro ne namu, daraktoci ja, shugaban hukuma kore. Shekarata tara ina auna zurfin koguna ina rubutawa da shuɗi, wato dai ina hira da kaina.

Maganar tashar Tungan Kure ce ta kai ni bango. Manyanmu sun je wurin sau ɗaya tak, a watan Satumba, lokacin da kogin Binuwai ya cika ya batse. Aka zaga da su a kwalekwale mai inji, suka ɗauki hotuna, suka ci gasasshen kifi, suka dawo suka ce an samu wuri. Ni kuwa a watan Maris aka tura ni awo. Daidai inda aka zana manyan jiragen dakon kaya za su tsaya, mata na tarar suna ban ruwan albasa. Na shiga tsakiyar abin da ya rage na kogin, ruwa bai wuce gwiwata ba.

Gidajen masunta ɗari biyu da goma aka yi wa alamar rusau saboda wannan tasha. Baba Kure, sarkin ruwan garin, ya raka ni har mota.

"'Yata, in dai jirgi zai zo, mu tashi. Amma kin ga ruwan da idonki."

"Na gani, Baba. Kada kowa ya cire ko ƙusa ɗaya sai kun ji daga gare ni."

Na dawo na rubuta rahoto shafi goma sha biyu. Fayil ya bi tebur biyar, kowa ya rubuta "an gani, a wuce da shi". Da haƙurina ya ƙare na shiga wurin daraktanmu, Oga Lukmanu.

"Rukayyat, kin cika zafin kai," ya ce. "Kwamiti ya riga ya zauna. Ke kin fi kwamiti ne?"

"Yallaɓai, ban fi kwamiti ba, amma ni na shiga ruwan."

"To ki je ki goge ƙafarki, ki koma teburinki."

Washegari Thaddeus, dattijon da ke yawo da fayiloli tsakanin ofisoshi, ya ajiye mini fayil ɗin don in gyara lambar shafuka. "Madam, wannan fayil zai tafi sama gobe fa. In oga ya sa kore, magana ya ƙare."

Akwai jan biro a jakata, wanda nake duba wa 'yata aikin makaranta da shi. Na buɗe shafin ƙarshe na rubuta: "A dakata. Wata bakwai a shekara babu ruwa a wurin nan. A karanta rahoton awo." Ban sa hannu ba.

Sai ga hukuma ta tashi tsaye! Cikin kwana biyu an yi taro uku. Rahoton da ya yi wata huɗu ba wanda ya ɗaga shi, aka buga kwafi ashirin. Kowane darakta ya ɗauka ɗan uwansa ne ya yi rubutun, don haka kowa ya riƙa gyaɗa kai. Da kunnena na ji Oga Lukmanu yana cewa shi ma tuntuni abin yake damunsa. Wallahi ranar sai da na fita waje na sha iska, don na ji kamar in jefe shi da kujera.

Da shugaba ya nemi wanda ya yi rubutun don ya jagoranci sabon bincike, aka shiga kallon-kallo, babu daraktan da ya ce nasa ne. Aka fara tuhumar Thaddeus, sai na miƙe na ce ni ce.

Mutum uku suka zaunar da ni awa biyu. A ina na samu biron? Na san matakina a aiki? Wa ya sa ni?

"Don Allah wani ya tambaye ni zurfin ruwan mana," na ce.

"Ba shi ne a gabanmu ba," in ji shugaban zaman.

Suka yanke cewa tun da wadda ba ta kai ba ce ta yi rubutun, shi da duk tarukan da ya haifar ba su da inganci. Aka cire shafin, fayil ya koma yadda yake, ranar Alhamis aka sa masa kore. Ni kuma aka mayar da ni ɗakin ajiyar kaya na hukumar a Dei-Dei.

Ina tsaye ina jiran motar Karu sai ga kiran Baba Kure.

"'Yata, an kawo motocin rusau biyu, suna bakin kasuwa. Mutane sun taru a ƙofata, na ce kin ce mu jira."

Da ƙyar na ce, "Baba, ku cire kwanon rufinku da ƙofofinku yau."

"To, jirgin zai zo ke nan?"

"Ba zai zo ba, Baba."

Bai kashe wayar ba. Ina ji ya juya yana cewa a kawo masa tsani.