Rakiyar Zuciyar Lwazi

In aka ambaci Baba Shezi a asibitin nan na Durban, surutunsa ake fara faɗa. Ma'aikatan jinya na cewa ko tsintsiya ya samu sai ya ja ta da hira. Amma sun yarda ba wanda ya kai shi sanin akwatin nan mai riƙe zuciyar mamaci da ɗuminta, jini na zagaya ta, tana bugawa har a kai ta ƙirjin mai jira.

Ran Talata da hantsi aka tura shi garin Empangeni ya ɗauko wata zuciya. Wani saurayi ne, Lwazi, ya faɗo daga babur ya rasu. Mahaifiyarsa MaMthethwa ta yarda a ba da zuciyarsa, amma da sharaɗi. Ta miƙo wa Shezi ɗan reshen magaryar kura, irin wanda a al'adarsu ake raka ruhin mamaci da shi.

"Baba, ka san yadda ake yi. Kowane kogi ka gaya masa, kada ya ɓata. Kuma ba ka magana da kowa sai shi, har ku isa."

Ya karɓa da hannu biyu. Sai da motar ta hau titin Durban ya tuna cewa Dakta Ramdhani, mai dashen zuciyar, ba ta buɗe ƙirjin majinyaci sai ta ji daga bakinsa cewa zuciyar lafiya take.

"Yau na ga abin mamaki," in ji Thokozani direba. "Rediyo ya mutu!"

Shezi bai kula shi ba. Ya sunkuya kan akwatin. "Lwazi, ɗana, mun bar gari. Gonakin rake ne dama da hagu."

Dab da gadar kogin Thukela, Dakta Ramdhani ta bugo waya. Shezi ya rubuta lambobin na'urar a takarda, Thokozani ya faka ya karanta mata.

"Ba kai na kira ba, ba ni Shezi!" Muryarta ta cika motar. "Shezi, uwar 'ya'ya uku ce kwance a gabana. Ka buɗe baki, ko ka nemi wani aikin!"

Shekara ashirin da biyu Shezi yana wannan aiki. Ya dubi zuciyar tana motsi daidai, ya matsa bakinsa jikin akwatin, ya ɗaga murya.

"Lwazi, za mu haye Thukela. Bugunka tamanin, jininka na tafiya sumul, ba ka gaji ba ko kaɗan. Da ni ne likita, yanzu zan fara shirya maka masauki."

Can likitar ta ce, "Ku taho," ta kashe.

Da la'asar zuciyar ta kama bugawa a ƙirjin matar. Shezi na zaune a baranda da reshen a cinyarsa lokacin da Dakta Ramdhani ta fito. Thokozani ya riga ya kwashe labari ya gaya mata.

"An ce in nemi wani aiki, Dakta. Ko kina da wanki?" in ji Shezi.

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tsaye tana murza hularta.

"Lwazi yana ji har yanzu?"

"Sai na mai da reshen wurin uwarsa."

Ta durƙusa a gaban reshen. "Lwazi, na yi maka tsawa a hanya. Ka yafe mini. Kai ma, Baba, don Allah ka yi haƙuri."